Neman Dangin Lami

Tun da na dawo ban samu sakat ba. Da na zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon tela a Runjin Sambo, sai wani ya ce, "Bello, ina labarin surukanka na daji?" a fashe da dariya. Wasu kuma da gaske suke tambaya, suna son jin yadda ƙasar take da abin da ya kai ni. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kuma akwai wurin da in na iso muryata ba ta yarda in ƙarasa a gaban mutane. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, mai dariya ya yi abarsa a gida.

Mahaifina, Alhaji Garba, falken shanu ne. A zamanin ƙarfinsa har tsaunin Mambila yake zuwa, ya tsallaka Kamaru ya sayo shanu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, ina saurayi, ya dawo mana da 'yar gwaggon biri a cikin kwali, ba ta fi jariri girma ba. Ranar Alhamis ce, sai Inna ta sa mata Lami. Ƙannena mata suka riƙa goya ta, ana ba ta koko da ludayi, har riga aka ɗinka mata da Sallah. Sai ta girma. Ranar da ta ɗaga turmin Inna ta wurga shi kan rumfar maƙwabta, aka kira maƙeri ya yi mata ɗakin ƙarfe a garkarmu ta Wamakko. Tun ran nan ba ta sake taka ƙasar waje ba. Kullum da yamma takan tattara tsofaffin buhuna da kara, ta jera su a zagaye, ta kwanta a tsakiya. Mu kuwa muka ce zaman kaɗaici ne ya taɓa mata kai.

Yanzu Baba ya tsufa, ƙafa ta ƙi, numfashi ma sai lallaɓawa. A azumin da ya wuce ya ji wa'azi a kan haƙƙin dabba, daga nan abinci ya daina shiga. Wata safiya ya kira ni zaure ya ce, "Bello, ni dai na kusa. Wagga dabba amana ta, kuma ni niɗ ɗauko ta ga uwayenta. Ka tahi ka biɗo mani danginta, a mai da ta tun ina da rai."

Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a kara, kasuwar shanu. Na san saniya, na san rago, biri kuwa sai wanda na gani a gidanmu. Amma uba bai cewa ka tafi ka ce ba ka san hanya ba. Wani abokin karatuna ya haɗa ni da wata mai bincike a kan irin waɗannan birai a dajin Taraba, Dakta Rifkatu. Na kira ta, layi yana tsinkewa, abin da na iya ji kawai shi ne, "Ka zo da gashinta."

Na ce wa Baba zan tsigo 'yan silalla. Ya ce sam. "Kar a tsige mata ko ɗaya. Cutar da anka yi mata ta isa. A kira Sanda wanzami, ai ko askin suna ba a yi mata ba." Haka aka ɗauki Baba a keke mai ƙafa uku har Wamakko, ya riƙe hannun Lami ta tsakanin ƙarafa, don shi kaɗai take miƙa wa. Sanda yana aski yana salati, yana cewa, "Alhaji, tun da nike aski ban taɓa yi ma wanda ka iya tumɓuke mani kahwaɗa ba." Ya aske tas, aka naɗe gashin a farar takarda, na sa a aljihun gaba.

Hanyar Sakkwato zuwa Gusau kowa ya san yadda ake binta yanzu: addu'a a baki, ido a daji. Sai da muka wuce Funtuwa aka fara hira a motar. Wani Bakano mai sayar da yadi da ke kusa da ni, ina buɗe baki ya ce, "Malam, ba sai ka faɗi garinku ba, an ji." Ya tambaye ni abin da zai kai ni Taraba. Na ce neman dangi. Ya ce Allah ya ba da ladan zumunci. Na ce amin.

Na kwana Jos, na kwana Jalingo. Tsakanin Bali da Serti motarmu ta karya ƙarfen ƙasa, muka wuni a gindin bishiya. Matan ƙauyen suka kawo gasasshiyar doya da manja da barkono. Na ci don yunwa, amma cikin da aka raina da fura da tuwon shinkafa bai yafe mini ba, sau uku ina neman bayan duhuwa da buta. A Serti na sauka a wani gidan baƙi mai ɗaki huɗu. Mai gidan ta ga na shimfiɗa darduma ina dube-dube, ita da ba Musulma ba ta zo ta gyara mini alƙibla, ta ce duk mutanen Arewa in suka zo duwatsun nan sai sun juya musu kai.

Da safe wanda Dakta ta aiko ya zo. Hammadu sunansa, dattijo siriri, tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga ya koma bin sawun birai domin masu bincike. Ya dubi farar shaddata da takalmina sau-ciki, sai ya yi murmushi. Muka hau babur, muka shiga kwalekwale, sauran kuma a ƙafa. Ni mutumin da in na tsaya a bakin garinmu nake hango raƙumi tun yana kamar akuya, sai ga ni a inda ba na ganin abin da ke gabana da taku goma. Na tsaya share gumi, ashe a kan layin kwarkwasa na tsaya. Kafin in ankara sun kai gwiwa. Ba zan faɗi yadda na rabu da wandon nan ba, Hammadu dai mutum ne mai riƙe sirri.

Sansaninsu 'yan ɗakunan kwano ne uku a bakin rafi. Dakta Rifkatu gajeruwa ce, da takalman roba har gwiwa, ga fara'a. Ta ba ni ruwan zafi da ganyen shayi, na ciro takardata na miƙa mata da hannu biyu. Ta buɗe, ta ɗaga silin gashi ta duba a rana, ta ɗaga wani. Fara'ar ta ragu.

"Malam Bello, wa ya aske wannan?"

Na ce da alfahari, wanzamin gidanmu ne, kuma ko ƙwarzane bai yi mata ba.

Ta ce, "Ayya. Tsigewa ya kamata a yi. A saiwar gashi ne labarin uwa da na uba yake. Wanda aka aske sai dai ya nuna mana layin uwa kaɗai, shi ma da wahala."

Kunya ta kama ni, ni da nake da takardar makaranta. Na yi kwana uku a hanya ina dafe da aljihu, ashe tausayin Baba ne ya ɓata saƙon tun daga gida. Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Mu a wurinmu ta uba ake ƙirga asali, wane ɗan wane ɗan wane. Sai ga gashin Lami bai san kowa ba sai uwarta, wadda duk shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayar Baba yadda aka yi da ita.

Dakta ta shigar da ni ɗakin aikinta. Ƙananan kwalabe ne jere a kan katako, kowace da lamba, a ciki kashin biri ne da gashin da suka tsinto a makwancinsu. A bango ga taswira an soka mata allurai. Ta ce daga ƙwayoyin halittar da ke cikin waɗannan ake karanta asalin kowane garke, kamar yadda malami ke karanta salsalar gida: wa ke da dangantaka da wa, ta ina kakanninsu suka bi, yaushe suka yi yawa, yaushe suka ragu. Ta ce na ƙasarmu da na yammacin Kamaru jinsi ne daban da na sauran Afirka, wani babban kogi ne ya raba su da na kudu tun zamanin da ba a sani ba, kuma su ne mafi ƙaranci. A cikinsu ma, kowane daji da nasa gadon.

Ta ce mazansu ba sa barin inda aka haife su. Mace ce in ta balaga take tashi ta koma wani garke. Na ce ashe su ma amarya ake kaiwa. Ta yi dariya ta ce ita ke kai kanta, babu 'yan rakiya. "Amma in gonaki suka datse tsakanin daji da daji, ba ta da hanya. Sai a yi ta aure cikin gida, jini ya yi ta komawa wuri ɗaya. Ciwo guda in ya shigo sai ya kwashe su." Wannan kam na gane shi ba tare da an maimaita ba. Duk makiyayin kirki ya san ba a barin bijimi ɗaya a garke har jikokinsa.

Da asuba muka shiga daji, ni da ita da Hammadu, an ara mini takalman roba. Muna cikin tafiya na ji wani kiɗa daga nesa, dum-dum-dum, da ihu a kansa. Na ce akwai gari a nan ne? Hammadu ya ce su ne, saiwar bishiya suke duka, shi ya sa a nan ake ce musu biri mai ganga. Can ya nuna mini sama. A ƙwanƙolin wata bishiya an lanƙwaso rassa an saƙa su a zagaye, an shimfiɗa ganye a tsakiya. Ga wani a kusa, ga wani. Ya ce gadonsu ke nan, kowace yamma kowa ke yin sabo, kuma a wurin uwa ake koya.

Na tsaya ina kallo. Buhunan Lami ne. Shekara ashirin tana gyara gado irin na gidansu a kan siminti, da ɗan abin da ta gani kafin a raba ta da uwarta, mu kuwa muna tsaye muna cewa ta haukace. Na zauna a kan wani kututture na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Hammadu ya juya yana duba sawu a ƙasa.

Mun gan su sau ɗaya, daga nesa. Wata uwa ce ta ratsa kan reshe, ɗanta a maƙale a bayanta, ta dube mu ta wuce. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

Da muka koma na yi tambayar da ta kawo ni. In an gano danginta, yaushe za a kawo ta? Dakta ta ajiye kofinta. Ta ce, "Gara in gaya maka gaskiya. Ko an gano su, ba za a sake ta ba. Ba ta san abin da ake ci ba, ba ta san yadda ake gaisuwa ba, mazan garken za su iya kashe ta ran farko. Kuma murar da ta saba da ita a wurinku, su ajalinsu ce." Ta ce akwai gidajen da ake tara irinta, waɗanda aka karɓo daga hannun mutane, za ta iya nema mata wuri. Amma sanin asalinta yana da amfani, ko don a san wane daji ne ya kamata a tsare.

Na faɗa mata kwatancen da Baba ya ba ni: ƙauye ne bayan iyaka, kasuwarsa na ci ran Laraba, a gindin wani dutse mai kama da tozon sa. Hammadu ya ce ya san shi. Dakta ta duba taswira, wurin babu allura ko ɗaya. Ta ba ni kwalabe shida da safar hannu, ta ce in mun ga gado ko kashi mu ɗebo, da shi za a gwada gashin Lami.

Muka hau Mambila. Hanyar tana nannaɗe dutse, in ka leƙa taga sai ka tuna duk zunubanka. A sama kuwa ciyawa ce shar, da shanu masu ƙiba da za su sa Basakkwace hawaye, da sanyin da ya sa na yi alwala ina ƙirga gaɓoɓi. Muka ci tuwon masara da miyar wani ganye da suke kira kumbi, mai ɗan ɗaci. A can baƙo ba ya cewa ya ƙoshi, tura kwanon kawai yake yi. Ni ban sani ba, ina ta cewa alhamdu lillahi ana ta ƙaro mini.

Iyakar kuwa gora ce guda aka gitta a kan hanyar laka. Jami'in da ke wurin ya zazzage jakata, ya ga kwalabe, ya yi tambaya da Faransanci. Hammadu ya amsa masa da Fillanci. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya sake tambaya, sannan ya ƙwala wa abokin aikinsa kira ya zo ya ga wanda ya taso tun daga Sakkwato neman kashin biri. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗaga gorar da kansa, ya sara mini.

Mun isa ƙauyen da hantsi. Dutsen yana nan da tozonsa, yadda Baba ya faɗa. Dajin ne babu. Daga gindin dutsen har inda ido ya tsaya masara ce da kututture, sai 'yan bishiyoyi a bakin rafi da ba su isa ɓoye akuya ba. Duk da haka kwana biyu muka yi muna bin kwazazzabai. Hammadu yana ɗaga kai, yana duƙawa, yana shinshina ƙasa. A rana ta biyu da la'asar ya zauna ya cire hularsa ya ce, "Malam Bello, kada in wahalar da kai. Babu su."

Mai garin ya kai mu wurin wata tsohuwa, matar maharbin da Baba ya karɓi Lami a hannunsa. Mijin ya daɗe da rasuwa. Tana zaune tana ɓare wake, Hammadu yana yi mana tafinta. Ta tuna Bahaushen nan dogo mai shanu. Ta ce biran sun shigo masu masara ne, mijinta ya harbi uwar, biyu daga cikin mazan suka juyo kansa, su ma ya harbe su. 'Yar kuwa ta ƙanƙame gawar uwarta, sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ita tsohuwar ce ta goya ta kwana uku kafin ranar kasuwa. Bayan nan masu katako suka zo, manoma suka biyo su. Ta ce rabonta da jin gangarsu tun jikarta, wadda yanzu take da goyo, tana rarrafe.

Sai ta tambaya ko 'yar ta yi kwana nawa kafin ta mutu. Na ce tana nan da rai. Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar waken. Ta sa Hammadu ya sake tambayata, na sake faɗa. Ta rufe fuska da gefen zanenta, ta daɗe a haka. Da za mu tashi ta ce in gaya wa mahaifina kada ya ɗauki kayan shi kaɗai, su ma da nasu a ciki.

Na mayar wa Dakta kwalabenta shida yadda ta ba ni su. Ta karɓa ta jera su a inda ta ɗauko. Ta ce in haka ne, babu mamaki Lami ce kaɗai ta rage daga wannan dajin, kuma abin da ke jikinta ba a da shi a kowace kwalba. Ta roƙe ni in na koma in tsigo mata gashi mai saiwa, ko ba komai a rubuta cewa an taɓa yin su.

Daga Jalingo har Talatar Mafara ƙarya nake shiryawa. Zan ce na gan su, suna nan da yawa, ana gyara takardu ne. Tsoho ne, mara lafiya, me zai rage shi da shi? Na haddace ta tsaf.

Na iso bayan la'asar, na same shi a zaure a kan tabarma, ya ƙara ramewa. Ko jakata ban ajiye ba ya ce, "Ka ishe su?"

Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kallon idon dillalai ba a yi masa ƙarya. Na durƙusa na ce, "Ban ishe kowa ba, Baba. Dajin ma babu shi." Na faɗa masa duka, da harbi ukun, da yatsun da aka ɓamɓare, da saƙon tsohuwa. Ya ce shi bai tambayi yadda aka samo ta ba a lokacin, kuma ya san abin da ya sa bai tambaya ba. Na gaya masa zancen gidan da ake tara irinta. Ya ce a kai ta, in ba ta samu nata ba ta samu masu kama da ita. Na ce Dakta tana son gashi mai saiwa. Ya ce a tsige, amma shi za a kai ya riƙe hannun.

Sai ya ce, "Ke nan babu wanda yar rage da za ni ba haƙuri?"

Na ce, "Sai ita, Baba."

Ya ce, "Ita ko ba ta da bakin da za ta ce ta yahe."

Aka kira magariba. Ya jawo butarsa, ta karkace har ruwan ya zube a kan tabarma. Na miƙa hannu zan kama masa, ya ture ni.